Idon Ƙyale-su

Karo na huɗu ke nan bana.
Na fito da asuba, buta a hannu,
na tarar da shi gindin rudun albasa,
ido ɗaya a liƙe,
kwantsa ta bushe kamar ƙanzon tukunya,
ƙudaje sun riga ni zuwa gaisuwa.
Bai yi haushi ba.
Wutsiya ya buga ƙasa sau biyu,
irin ta mai cewa: ga mu nan dai.

Ni na raɗa masa Ƙyale-su,
ranar da Arzika ya leƙo ta kan darni
ya ce, "Tsohe-tsohe da kai, kare za ka riƙa?"
Shekara shida ko kwando ba a ɗauke mini ba.
Shi kuwa an yashe masa rudu biyu.
Ban tanka ba. Sunan yana tanka mini.

Na dafa ruwa, na bar shi ya huce.
Auduga ɗaya, shafa ɗaya, a yar.
Ido na biyu, sabuwar auduga.
Da can tsumma guda nake bi da su duka,
ashe ni ke yi wa ciwon dako
daga dama zuwa hagu, ko sisi bai biya ni ba.

Masu shawara ba su ƙare ba a Kwalkwalawa.
Wannan ya ce tozali, wancan ruwan taba,
wata ta ce ragowar maganin idon jikata.
Na ƙarshen na gwada. Allah ya yafe mini.

Mai keke napep ya tsaya, ya ga abokin tafiyata,
ya ce, "Baba, in nid ɗauki wanga, wa ka sake shiga?"
Sai na ɗaura kwando bayan tsohon kekena,
muka haye gada, Rima na kallonmu,
har asibitin dabbobi cikin gari.

Dakta Murja ta haska ƴar fitila,
ta ɗiga wani ruwa, idon ya yi kore shar.
Ta ce fatar ƙasa ce ta naɗe ciki,
gashin yana sharar ƙwayar dare da rana
kamar tsintsiya a tsakar gida.
Magani zai kwantar, ɗinki ne zai raba.
Sannan ta juyo:
"Wancan karon kwana goma na ce. Nawa ka yi?"
Na ce huɗu. Ai ido ya washe.
Ta ce, "Likimo ciwon ya yi, yana jiran ka gaji."

Ta miƙo kwalbar, ta ce in ɗiga ta gani.
Ɗigon fari ya sauka a hanci,
na biyu a kan takalmina.
Ta yi shiru.
Ta ɗaga fitilar nan dai, ta karen,
ta ce, "Baba, dubi yatsana."
Na ga yatsu biyu cikin hayaƙi.
"Ni ba likitar mutane ba ce," in ji ta,
"amma akwai yana a naka na hagu."

Buhu biyu na sayar, tun farashi bai tashi ba.
An ɗinke nasa. Nawa sai bayan Sallah.

Yanzu Tumba ke ɗiga masa, safe, azahar, magariba,
tana jan layi da gawayi jikin garu,
ta wanke hannu da sabulu har gwiwa.
Mun fasa gindin bokiti mun sa masa a wuya
don kada ya sosa.
Arzika ya yi dariya har ya zauna:
"Yau ga kare da malafa!"

Ƙyale-su.

Layi bakwai, saura uku.
Jiya da dare wani abu ya motsa bayan rudu.
Ya ɗaga bokitinsa, na ɗaga sandata.
Ido ɗaya nasa, ido ɗaya nawa,
mun haɗa sun zama biyu.
Akuyar Arzika ce.